Ramin Dankalin Baba Tanko

Jiya wasu samari biyu 'yan layinmu suka same ni a ƙofar gida, ɗaya riƙe da waya, yana nuna mini yadda ake shuka dankali a buhu. Wai bayan wata uku sai ka zazzage buhun, dankali ya zubo, shi ke nan ka zama manomi. Na ce to, bayan ya zubo fa, ina za ku sa shi ya kai wata daminar bai ruɓe ba? Suka kalli juna. Ƙaramin ya ce, "Baba, ba sai a sa a firji ba?" Ban yi masa dariya ba, don ni na taɓa yin wautar da ta fi tasa, kuma a lokacin ina da shekara goma sha tara a cikin sana'ar. Shuka dankali ba abin a zo a gani ba ne, ko akuya ta taka yaɗonsa a danshi sai ya kama. Tono da ajiya su ne aikin, kuma su ne ba a nuna muku a waya.

Sunana Haladu, kuma lambun gida na yi duk rayuwata. Ban taɓa mallakar gona ba. Gidajen ma'aikatan gwamnati na Tarauni da Gyadi-Gyadi a da kowanne da filinsa a baya, mai gida ba shi da lokaci, matar gida ba ta son ƙasa a farce, sai a nemo irinmu. Ina riƙe da gida huɗu ko biyar lokaci guda, ina zagaya su a keke. Karas da albasa da rani, rogo da gwaza da dankali da damina. Masu gidajen kuwa kowa da halinsa. Akwai wata Hajiya da in ta yi baƙi sai ta sa a tuge mata karas tun yana kamar ɗan yatsa, don dai a ga daga lambunta ya fito. Akwai wani ma'aikacin ofishin gona da ke karanta mini littafi a kan kunya, ni ina duƙe shi yana tsaye, in ya gama in ce to ranka ya daɗe, in ci gaba da abin da nake yi.

Ranar da na fara aiki a ƙarƙashin Baba Tanko, a lambunsa na Gyadi-Gyadi, bai ba ni fartanya ba. Ina da shekara ashirin da ɗaya, ƙarfi na cin raina, na zo da niyyar in nuna masa ni ba rago ba ne. Sai ya cika kwando da dankali, ya shiga gida ya fito da ɗanyen ƙwai guda, ya binne shi a tsakiya, ya ce in kai rumfa in juye in dawo masa da ƙwan. Na sungumi kwando na ruga, na juye shi kamar mai juye tsakuwa. Da na dawo hannuna duk gwaiduwa. Ya ce, "Abin da ya sami ƙwan nan ya sami dankalin, bambancin dai shi ba zai gaya maka ba sai bayan wata guda." Kwana tara ina fasa masa ƙwai. Matarsa har ta fara ɓoye kajinta in ta hango kekena.

Sai da na iya ɗaukar kwando sannan ya bar ni na taɓa kunya. Kayan tonon Baba uku ne. Da lauje na sare yaɗo. Da dagi na itace, wanda ya fiƙe da kansa, ana soka shi daga gefen kunya a ɗaga ƙasa a hankali. Da wata tsohuwar fartanya da ya dakushe bakinta da gangan a kan dutse. Sauran aikin na hannu ne. Ba a jan dankali, ba a jifa da shi, ba a goge shi a wando, kuma ba a wanke shi, ko da laka ta rufe shi ruf. Duk wanda ka tono sai ka juya shi a hannu ka yanke masa hukunci nan take: mai rauni ya tafi tukunya yau, mai kyau ya tafi wurin matar gida ko kasuwa, wanda kuwa ba shi da ko ƙwarzane, matsakaici, mai santsi, shi ne na rami. Kafin ma a kai ga tono, sai an sare yaɗon an bar kunya kwana goma ba ruwa, don fatar dankalin ta yi tauri a cikin ƙasa. Wanda ya tsallake kwana goman nan, fatar za ta riƙa saɓulewa a yatsansa.

Ramin kuwa ga yadda yake. A tona shi a tudu, zurfinsa zuwa cinya. A ƙona ciyawa a ciki don ya bushe, gara ta gudu, a bar shi kwana biyu ya huce. A shimfiɗa ƙaiƙayi, a barbaɗa toka mai sanyi wadda aka tankaɗe, a jera dankali yadda wani ba zai taɓa wani ba, a sake toka, a sake jeri. A tsakiya a kafa damin karan dawa tun daga ƙasan rami har ya leƙo waje kamu biyu. Baba na kiransa hancin rami, don dankali abu ne mai rai, yana numfashi yana gumi, kuma ta cikin karan nan zafinsa ke fita. Daga ƙarshe a rufe da ƙasa marar yawa, a ɗora 'yar jinka ta ciyawa a sama, wadda za ta tare rana da ruwa amma iska ta ratsa ta. Ramin da aka yi haka yana riƙe dankali wata shida. In damina ta kusa a buɗe, a binne shi a danshi, ya fitar da yaɗo, a yanka a dasa. Iri ke nan.

Baba Tanko yana da wani dankali da ban taɓa gani a hannun kowa ba. Ja ne a waje, cikinsa rawaya jawur, shi ya sa muke ce masa mai gwaiduwa. Ba shi da girma, ba ya cika kwando kamar farin nan na kasuwa, amma in aka gasa shi har zuma yake fitarwa, kuma ba dankalin da ya kai shi daɗewa a rami. Daga ƙauyen mahaifiyarsa ya taho da shi tun yana saurayi, ƙauyen ma daga baya sun bar shuka shi saboda ba ya auki. Da gine-gine suka cinye lambun Gyadi-Gyadi, idon Baba kuma ya tafi, sai ya kira ni ya miƙa mini kwando ɗaya. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce, "Shekara arba'in da wani abu ban bari ya yanke ba. Ga shi nan."

Na rarraba shi a gidaje uku don tsaro. Gida ɗaya aka malale bayansa da siminti, ɗaya kuma aka sayo tumaki. Ya rage gidan Malam Bitrus kaɗai, wani mutumin Filato da ke aiki a sakatariya, mai gida a kwatas ɗin Tarauni. Ƙasar bayansa jigawa ce mai laushi, ga katanga, ga famfo, ga wata tsohuwar rumfa inda ramina yake shekara shida. Matarsa, Mama Rifkatu, 'yar manoman dankalin turawa ce, ita kaɗai ce a cikin matan gidajen da nake wa aiki ba ta taɓa ce mini in wanke mata dankalin ajiya ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula a karo na ƙarshe, damina ta yi kyau ƙwarai, kunya goma sha biyu na yi na mai gwaiduwa, yaɗo ya rufe ƙasa. Gari kuwa ya cika da sababbin manya, kowanne na neman gidan da ya dace da shi. Wata safiya wajen ƙarshen damina na jingine keke, sai na tarar da Malam Bitrus tsaye a baranda da takarda a hannu, bai tafi ofis ba.

Ya ce, "Malam Haladu, an ba wani Honarabul gidan nan. An ba mu sati biyu mu tashi."

Na ce, "Maigida, dankalin fa?"

Mama Rifkatu ta leƙo daga kicin ta ce, "Ka ji shi ko? Mu ba mu san inda za mu sa yara ba, shi dankali yake tambaya." Ta faɗa tana murmushi, amma idonta ya yi ja.

Na ji kunya, na yi musu jaje yadda ya kamata, sannan na zagaya baya. Na tono guda ɗaya daga bakin kunya na karya shi. Dankalin da ya nuna, farin ruwan da yake fitarwa yana bushewa fari. Wannan kafin in ƙirga hamsin ya koma baƙi-baƙi. Yana buƙatar sati uku a ƙalla, sannan kwana goman bayan sare yaɗo. Ni kuma kwana goma sha huɗu gare ni. Na zauna a kan kunyar na rasa abin da ke mini daɗi.

Kwana uku na yi ina zarya gidan da Honarabul ɗin yake haya a lokacin. Ban taɓa ganin taro irin wannan a ƙofar mutum ɗaya ba: masu neman aiki, masu neman kwangila, maroƙa, da waɗanda suka zo tuna masa cewa sun yi masa wahala. Duk wanda ya tambaye ni abin da na zo nema, in na ce kwana nake nema wa dankali, sai ya matsa gefe. A rana ta uku na tare shi yana shiga mota. Gaskiya mutumin kirki ne, ya tsaya ya saurare ni har ƙarshe, ko da yake na ga yana danne dariya.

Ya ce, "Malam, in dankali ne ai sai in saya maka buhu biyar a kasuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a sayar da irin wannan. Na wani tsoho ne makaho, amana ce a hannuna."

Ya ce mutanen gidan dole su tashi ranar da aka sa, amma ya ƙara wa lambu sati ɗaya. Bayan nan leburori za su shiga, don filin bayan nan wurin ajiye motoci zai zama. Na yi godiya har ƙasa. Kwana ashirin da ɗaya ke nan daga ranar takarda, uku kuma sun riga sun tafi a ƙofarsa.

Na yi lissafi na raba abin da ya rage: kwana goma ya ƙara nuna, kwana takwas bayan sare yaɗo. Ko ta ina an ci dankalin da kwanaki, amma babu yadda zan yi. Ranar da na sare yaɗon, maƙwabta masu awaki suka zo da buhuna kamar yadda suka saba kowace shekara, na raba musu tas. Wasu masu lambu suna ajiye iri a yaɗo a bakin ruwa har rani ya wuce. Ni ba ni da bakin ruwa a shekarar, famfon da nake taƙama da shi na gidan da ake korata ne. Da na nema da na samu wanda zai dasa mini ko kunya ɗaya a fadama, amma ban nema ba. Shekara goma sha tara rami bai taɓa ba ni kunya ba, ban ga dalilin roƙon kowa ba.

Daga nan sai kallon sama. Ruwan ƙarshen damina ba shi da alƙawari, yana iya ɗaukewa, yana iya dawowa da ƙarfinsa. Kowace la'asar in hadari ya taso daga gabas sai in bar aiki in tsaya ina kallonsa. Kwana shida ya yi ta haɗuwa yana watsewa. A na bakwai, ana gobe tono, ya sauko tun azahar, bai tsaya ba sai bayan magariba. Na tsaya a rumfar ina kallon kunyoyina suna shan ruwan da ba na so su sha.

Tonon ranar nan shi ne mafi wuya da na taɓa yi. Na isa bayan asuba, na tarar tifa ta riga ta juye yashi a bakin ƙofa, leburori shida na zaune a kan buhunan siminti suna jiran in ba su wuri. Shugabansu ya ce zuwa azahar za su fara share fili. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, dagi na shiga ba ya ɗaga komai sai curi. Na ajiye shi na sa hannu. Ina cikin kunya ta biyu sai ga Mama Rifkatu ta sauko daga acaɓa, ta taho tun daga ɗakunan da suka kama a Ƙauyen Alu, ta ɗaure zani ta shiga kunya. Hannunta ya san aikin. Tana cusa yatsu ƙarƙashin dankali ta ɗago shi da lakarsa kamar mai ɗaukar jinjiri.

Wajen hantsi leburorin suka gaji da zama. Ɗaya ya ce bari su taya mu a gama da wuri, kafin in ɗago kai ya kafta diga a kunya ta tara. Da ya ɗaga, ga mai gwaiduwa uku a tsage, cikinsu rawaya a fili. Na riƙe ƙotar digar na ce masa, "Ɗan'uwa, don girman Allah koma ka zauna." Ban san yadda fuskata take ba, amma ya saki digar ya koma. Muka gama ana kiran sallar azahar. Da na tantance, na rami ya kai kwando huɗu. Fatarsu ba ta yi taurin da nake so ba, amma ba rauni a jikinsu.

Muna loda kwandunan a motar a-kori-kura sai aka fara yayyafi, kuma daidai lokacin Honarabul ya zo duba aikin gidansa. Ya ga ina cire rigata zan rufa wa dankali. Ya sa direbansa ya buɗe but ɗin mota ya fito da wani tamfol shuɗi, mai kauri, sabo fil, ragowar wanda aka yi rumfunan yaƙin neman zaɓe da shi. Ya ce, "Rufe da wannan, Malam, ka riƙe, na ba ka." Ya ƙara da cewa in na huta in zo, yana son mai kula masa da furanni. Ban taɓa mallakar abu mai kyan tamfol ɗin nan ba. Da muka isa Unguwar Gano, inda nake haya, sai da maƙwabta suka fito suna shafa shi.

Kwana biyar dankalin ya yi a shimfiɗe a ɗakinmu yana shan iska, ni da matata Asabe muna raɓe a lungu. Lakar ta bushe ta zube da kanta. Na tona sabon rami a wani ɗan tudu bayan katangar gidan, na ƙona, na bari ya huce, na samo ƙaiƙayi, na tankaɗe tokar murhun gida uku. Na jera su ɗaya bayan ɗaya, na kafa hanci, na rufe da ƙasa. Ko Baba ne ya yi da idonsa, iyakar abin da zai yi ke nan. Saura jinka. A gidan Malam Bitrus rumfa ce ke rufe ramin, shekara shida ban nemi jinka ba. Yanzu da na nema, ciyawar bana ɗanya ce shar, ta bara kuma damina ta cinye ta. Ga hadari ya sake haɗowa. Na ɗauko tamfol na shimfiɗa a kan ramin, har da hancin, na danne gefunansa da bulo. Na ce na kwana biyu ne, kafin in samo ciyawa.

A ranar aka yi ruwa mai yawa, na ƙarshe a shekarar. Da safe na ɗaga gefen tamfol na taɓa ƙasa, a bushe ƙamas. Na ji daɗi ƙwarai, har na ce a raina tsofaffi da sun sami irin wannan da ba su wahala da ciyawa ba. Na mayar da bulon.

Kowace Juma'a bayan masallaci nakan je gaida Baba Tanko a zaurensa. Wannan Juma'ar na ba shi labarin tono tun daga takarda har kwando huɗu. Yana ji yana gyaɗa kai. Ya tambayi toka, ya tambayi ƙaiƙayi, ya tambayi zurfi. Sannan ya ce, "Ka yi masa jinka?"

Na ce, "Na yi, Baba."

Ƙarya na yi masa, kuma na san ƙarya ce. Na ce a raina gobe Asabar zan mayar da ita gaskiya. Amma ranar Asabar ɗin na fara aiki a gidan Honarabul. Furanni aka kawo mota guda daga wani gari, da ciyawar ado da ake shimfiɗawa kamar darduma, kuma dole a ba su ruwa safe da yamma. Ga baƙi ba sa yankewa, kowa ya taka sai na gyara. Ina fita da duhun asuba, ina dawowa a gajiye. Kullum in na wuce ta bayan katanga ina hango shuɗin tamfol a miƙe lafiya lau, ba akuyar da ta taɓa, sai hankalina ya kwanta. Ranar bayan damina kuwa kun san ta, ita ce mai dafa ƙwai a kan kwano. Sati biyar tamfol ɗin nan yana shan ta.

Asabe ce ta fara ji. Wata safiya ina ɗaura wa keke butar ban-ruwa ta ce, "Malam, bayan katangar nan wani tsami yake yi, kamar an zubar da tsohon kunu. Ga ƙudaje." Na jingine keken. Na zagaya bayan katangar. Na ture bulo biyu na ɗaga tamfol. Wani zafi ya bugi fuskata, cikin tamfol ɗin duk ɗigon ruwa ne yana gangarowa, ƙasar ramin ta jiƙe ta lotsa a tsakiya. Karan hancin ya yi baƙi, ya yi furfurar ruɓa. Na yaye tamfol ɗin na yar. Na ɗauko fartanya, sai na kasa sara. Tsoro ne ya kama ni, ba na son in ga abin da ke ciki ni kaɗai.

Na hau keke na tafi Gyadi-Gyadi. Na durƙusa a gaban Baba na gaya masa komai, har ƙaryar. Na so ya zage ni, don Baba ya iya zagi, a kan ƙwai ɗaya yakan kai ga kakannin mutum. Amma bai zage ni ba. Ya lalubi sandarsa da hularsa ya ce, "Kai ni."

Na goya shi a bayan keke muka taho a hankali. Tun daga bakin lungu ya ɗaga hanci, na ji hannunsa ya ƙara riƙe rigata. Na shimfiɗa masa buhu a bakin ramin, na kwashe ƙasar sama da hannu. Ya naɗe hannun riga ya ce kada in taɓa komai, in dai riƙa karɓa. Tokar ta zama taɓo. Ya zura hannu har gwiwar hannu ya ɗago na farko, ya narke a tafinsa. Ya ajiye a hagu. Ya ɗago na biyu. Haka ya yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, yana latsawa, yana shinshinawa, yana ajiyewa a hagu. Na ce, "Baba, bari in juye ramin gaba ɗaya mu duba." Ya ce, "Da hannu aka sa su, da hannu za a fitar." Asabe ta kawo masa ruwa bai sha ba. Tun hantsi har aka yi azahar, kwando huɗu sai da ya bi ta hannunsa kaf. A damansa guda goma sha ɗaya ne, daga can ƙasan rami ta gefen inuwar katanga.

Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, ko waɗannan ai sun isa iri. Yau ɗin nan zan binne su a bakin rijiya in riƙa ba su ruwa."

Ya ɗauki ɗaya ya kankare kansa da farce, ya kai hanci, ya girgiza kai. Ya ce zafi ya riga ya dafa su, jikin ne kawai ya rage, ba za su fitar da ido ba. Da ya ji na nace, sai ya ware guda biyu ya ce in gwada don zuciyata ta huta. Na gwada kuwa, wata guda ina ba su ruwa safe da yamma, ko ɗigon kore bai leƙo ba.

Sauran taran ya tura mini da bayan hannu. Ya ce, "Asabe, 'yata, akwai garwashi?" Ta ce akwai. Ya ce in binne su a ciki, kada in yi gaggawa. Muka zauna a gindin katanga muna jira, ga tarin ruɓaɓɓe a gefe ƙudaje na bi. Da suka gasu na ɓare masa ɗaya, cikin nan rawaya yana tururi, zumar na tsatsowa. Ya gutsura ya daɗe yana taunawa. Ni na riƙe nawa na kasa kaiwa baki, hawaye na zuba, ban ɓoye ba tunda ba gani yake ba. Ashe yana jin ba na tauna.

Ya ce, "Haladu, ci mana."

Na ce, "Baba, ba zan iya ba."

Ya ce, "Ci, kuma ka ci a hankali. Ni na kusa tafiya. In wani ya tambaya yadda yake, kai kaɗai ka rage da za ka gaya masa."